Gaisuwar da Ba Shi Ya Aiko Ba

Tun muna zaune a bariki, kafin wani abu ya same mu, abin da na fi tsoro shi ne tafiyar Magajiya. Magajiya ita ce shugabar matan sojoji a layinmu, mace mai jiki, mai fara'a, ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri. Amma idan soja ya mutu a bakin daga, ita ake turowa gaba, wani ofisa yana biye da ita da hularsa a hannu. Har na koyi gane tafiyar. Idan sharar layi ce ko faɗan yara ya fito da ita, tun daga nesa take magana, silifas ɗinta yana ƙara. Idan ɗaya abin ne, sai ta sa takalmi mai rufi, ba ta kallon ƙofar kowa sai wadda za ta shiga. Ni kuma ina wanke-wanke a bakin famfo, kwano a hannuna, ba na iya ajiye shi sai ta wuce ƙofarmu. Lokacin ina da cikin 'yata ta fari, maigidana yana arewa maso gabas yana tuƙa motar sojoji.

Ranar da ya ajiye aikin soja, shinkafa na dafa na raba wa yaran layi. Muka kama ɗaki a Jos, a bayan Titin Bauchi, kusa da gidan Inna, mahaifiyarsa. Ya sami motar wani yana ɗauko dankali da kabeji daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Da yamma ya dawo yana warin kabeji da baƙin mai, ni kuwa warin nan bai taɓa damuna ba. Na haifi na biyu, namiji. Yaron bai fara zama ba mai motar ya sayar da motarsa, maigidana ya dawo gida ya zauna.

Mutum ne da bai iya zama ba. Idan ba shi da aiki, sai ya shiga nawa. Tukunya ta karkace a kan murhu, igiyar shanya ta yi ƙasa, gishirin miya ya yi yawa jiya, yau kuma ya yi kaɗan. Ba faɗa yake yi ba, haka Allah ya yi shi, komai sai ya sa baki. Inna takan ce tun yana yaro shi yake gaya mata yadda za ta ɗaura kallabi.

A cikin wannan zaman ne wani tsohon ofisa da ya yi ritaya ya fara zuwa. Kowa Oga yake ce masa. Ba ya shigowa, a benci yake zama a ƙofar gida, in kai masa zoɓo ya sha rabi. Bayan zuwansa na ƙarshe maigidana ya zaunar da ni ya yi min bayani. Wata gwamnati ce a wata ƙasa take yaƙi da 'yan tawaye. Sojojinta ba su ishe ta ba, ta ba wani kamfani kwangila, kamfanin kuma yana neman tsofaffin sojoji, har da direbobi. Na ce to soja zai koma ke nan. Ya ce a'a, soja gwamnati yake wa aiki, shi kamfani zai yi wa. Na ce kamfanin fa, wa yake wa aiki? Ya ce gwamnati. Da ya ga irin kallon da nake masa, ya yi dariya.

"Tankar ruwa zan tuƙa," in ji shi. "Ko a yaƙi ba a harbin mai ruwa. Kowa yana sha."

Sunan ƙasar ba zan rubuta ba. Oga ya faɗi wata, bayan sun tafi aka ce ta can suka ratsa kawai, wata ce daban.

A tasha na fara ganin Maman 'yan biyu. Mijinta Saje ne, ya girmi maigidana a soja, tare suka yi arewa maso gabas, kuma tare za su yi wannan tafiyar. Kirista ne, a Tudun Wada suke. Ina tsaye da goyo, ina riƙe da hannun 'yata, hawaye yana zuba ba na ma sharewa, sai ta zo ta tsaya kusa da ni tana cin gyaɗa. Ta ce, "Amarya, ki share ido. Ni na daina ƙirga tafiyar wannan mutumin. Suna zuwa suna dawowa, su cinye maki abinci." Daga ranar ta sa min amarya, da 'ya'yana biyu. Saje kuma ya leƙo ta tagar mota ya ce min kada in damu, mijina a hannunsa yake. Muka karɓi lambar juna ni da ita.

Da suka isa sai kamfanin ya karɓe wayoyinsu, wai don kada abokan gaba su gane inda suke. Waya ɗaya ce a sansanin, a hannun wani babba, ana ba su layi-layi. Mutum zai daɗe layi bai zo kansa ba, in ya zo kuma, kafin ka gama tambayar yara an ce ya isa. Shi ya sa 'yan Jos da suke can suka shirya a tsakaninsu, duk wanda ya sami waya zai faɗi saƙon sauran, matarsa ta kai. Ba mu da yawa, mu matan. Saje ya fi kowa samun waya saboda shi a babban sansani yake, yana lura da masu gadin ƙofa. Direbobi kuwa kullum suna hanya, suna kai ruwa ƙananan sansanoni. Don haka yawancin labarin maigidana ta bakin Maman 'yan biyu yake zuwa min.

Tana gasa masara a Gada Biyu, in lokacin masara ya wuce ta koma soya dankali. Idan Saje ya kira, sai ta yi min falashin, wayata ta yi ƙara ta katse. Ina iya kiranta in ji a waya, amma na fi so in hau keke in je. A waya ba na ganin fuskar mutum. Kuma Gada Biyu ta yi mana daidai mu biyu, ba sai ta shigo unguwarmu ba, ba sai na shiga tasu ba. A Jos wannan ba abin da ake bayani ba ne. Sai in zauna a kan kujerarta, ta ba 'yata masara, ta karɓi yaron ta ɗora a cinya, tana fifita wuta da hannu ɗaya tana ba ni saƙo.

Saƙonnin farko ko ba a ce daga wa suke ba zan gane. A gaya wa amarya kada ta bar yarinya ta bi yara wajen kududdufin da aka haƙi kuza. A gaya wa Inna maganin hawan jini kullum ake sha, ba sai kai ya yi ciwo ba. A sa a danne kwanon rufin banɗaki da dutse kafin ruwa ya sauka, iskar farko tana ɗaga shi. Maman 'yan biyu tana faɗa tana dariya, ta ce wannan mijin nawa ko sama ya hau sai ya aiko a gyara zaman tukunya. Ta ce Saje ya yi ƙorafi, saƙon maigidana yana cinye masa rabin lokacin wayarsa, shi bai ma tambayi akuyarsa ba.

Shi da kansa ma ya kira ni, ba sau da yawa ba. Kiran ƙarshe ana gab da fara ruwa ne. Ya tambayi haƙoran yaron, ya ce ruwan can yana da gishiri-gishiri, ya ce in daina barin bokiti a buɗe. Ina cikin ba shi labarin Inna na ji wani ya yi magana da wani yare a bayansa, waya ta yanke. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, haka take yankewa kullum.

Damina ta sauka sosai, har da ƙanƙara. Falashin bai daina zuwa ba. In je Gada Biyu, Maman 'yan biyu ta ce Saje ya kira, kowa lafiya, mijina yana gaishe ni, yana gaida yara da Inna. In dawo in gaya wa Inna, ta ce Alhamdulillahi, ta sa masa albarka. Aka sake kira, yana gaishe ni, yana gaida yara. Aka kuma, haka. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ga kaina na tsaya da rariya a hannu. Tun da ruwa ya sauka mutumin nan bai ce a gyara komai ba. Bai tambayi rufin da ya sa a danne ba. Bai tambayi ko Inna tana shan maganin ba.

Na gaya wa Inna, ta ce ni dai ba na rabo da neman abin damuwa. Da yana aiko da surutu na ce ya cika surutu, yanzu ya yi hankali kuma na ce bai yi surutu ba. Ta ce mutum yana aiki, gaisuwa ma da ya aiko ai ya yi ƙoƙari. Na ce haka ne. Kuɗin da ake turowa ma ba su gaya min komai ba, domin wani watan su zo, wani watan su ƙi, kuma haka suke yi wa kowa.

Da na koma Gada Biyu na tambayi Maman 'yan biyu ainihin abin da Saje ya ce, kalma da kalma. Ta dube ni ta ce ita ba rediyo ba ce da za ta maimaita labarai. Ta ga ban yi dariya ba, sai ta ce ya ce lafiya lau, in kwantar da hankalina. Na ce to ina da tambaya, idan Saje ya sake kira ya kai wa maigidana. Yaron ya isa yaye. Inna tana so a kai mata shi yanzu, ni ina so a bari damina ta wuce saboda gudawar da yara suke yi. Ya faɗi wanne za a yi. Da gaske muna wannan jayayyar da Inna, amma ba don ita na aika ba. Na san maigidana. A kan yayen 'yarmu ta fari sai da ya yi sati yana bayani.

Amsar ta daɗe kafin ta zo. Ranar da ta zo ana yayyafi, Maman 'yan biyu ta ja kaskonta ƙarƙashin rumfar wani mai shago. Ta ce, "Ya ce duk yadda kika ga ya dace, ki yi."

Na ce mata na gode. Na goya yaron, na hau keke. Sai da mai keken ya juyo ya ce Hajiya ina za ki sauka ne, sannan na ga mun wuce layinmu da nisa.

Daga nan na fara jin labarai a rediyo da kunne biyu. Da can in an ambaci ƙasar sai in rage murya. Wata safiya suka ce an yi faɗa a kan wata hanya, suka ce ana zargin akwai sojojin haya a wurin. Ban taɓa jin an kira su haka ba, mu 'yan kwangila muke cewa. Sai aka sa muryar wani mai magana da yawun gwamnatin can, mai fassara ya ce ya ce babu wani baƙo da yake yi masu yaƙi, sojojinsu ne kaɗai, kuma ba su rasa kowa ba. Na tsaya ina tunani. In babu baƙo a can, to maigidana ina yake? Saje da yake kiran waya fa, daga ina yake kira?

Na shirya na tafi bariki, domin nan kaɗai na san ana sanin irin wannan abu. Magajiya ta karɓe ni da murna, ta yi wa yaron wasa, ta ce ya ɗebo goshin ubansa. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, sai ta ajiye shi a hankali. Ta ce da yana soja, duk inda ya kwana akwai wanda ya sani, in wani abu ya faru saƙon da suke kira sigina yake zuwa, ko ba daɗi dai za a zo a faɗa. Amma tun ranar da ya miƙa kakinsa ya fita daga hannunsu. Ta raka ni wajen wani ofisa duk da haka. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba, sannan ya ce su ba su tura kowa wannan ƙasar ba, don haka ba su da wanda za su tambaya. Ya ce in nemi wanda ya ɗauke shi.

Oga ya yi wuyar samu. Da na same shi, a cikin mota ya yi min magana, bai kashe inji ba. Ya ce shi tara mutane kawai ya yi wa wani kamfani, wannan kamfanin kuma ya miƙa su ga wani, wancan ne yake da kwangila da gwamnatin. Ya ce da wani abu ya faru da an kira shi. Na ce wa zai kira shi? Ya ce Madam, ki yi ta addu'a, mijinki jarumi ne. Ya ce in gaida Inna.

Ban daina zuwa Gada Biyu ba. Gaisuwa tana zuwa, ina karɓa, ina kai wa Inna. Wani lokaci in ce wa kaina wataƙila gajiya ce ta sa ya daina surutu, wataƙila yaƙi yana canza mutum, ai na ga waɗanda suka dawo bariki ba sa magana. In yi kwana biyu da wannan, in ci abinci sosai. Sai kuma in ga kwanon rufin nan da dutse a kai, abin ya dawo. Na yaye yaron da kaina bayan ruwa ya ɗauke. Bai ba ni wahala ba.

Ana saura kaɗan Kirsimeti, sanyi ya shigo, Maman 'yan biyu ta kira ni, ba falashin ba, kira sosai. Saje ya dawo. Su kaɗan ne suka dawo, kwangilarsu ta ƙare. Ta ce in bari ya huta, za ta kawo shi Gada Biyu mu gaisa. Na ce a'a, gobe ina zuwa gidan. Ta ce to in sauka a bakin titi, za ta zo ta shiga da ni.

Ban taɓa shiga cikin Tudun Wada haka ba. Hanyar hawa ce, tsakanin duwatsu, tana gaba ina biye da hijabina, tana gaisawa da mutane tana cewa ƙanwarta ce. Gidan a cike yake. Matan zumunta na cocinsu sun zo godiya, suna waƙa suna buga tulu, an dafa gwate a babbar tukunya. Suka matsa min wuri, suka zuba min, wata tsohuwa ta karɓi yaron. Kowa yana ce min naki ma yana hanya, Allah da ya dawo da wannan zai dawo da shi. Ina cewa amin. Saje yana zaune a kujera da rigar sanyi, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Tun da na shigo ya gaishe ni sau ɗaya bai sake kallon inda nake ba.

Na jira har matan suka yi addu'ar rufewa suka fita. Maman 'yan biyu ta fara tattara kwanuka, na ce ta bari ta zauna. Na durƙusa na gaida Saje yadda ya kamata, na yi masa barka da dawowa. Ya ce maigidana yana nan lafiya, aikinsu ne bai ƙare ba.

Na ce, "Baba Saje, ba lafiyarsa na zo tambaya ba. Yaushe ka gan shi da idonka?"

Ya dubi matarsa. Ita ma shi take kallo.

"Kafin ruwa," in ji shi.

"Wane ruwan?"

"Farkon damina. Ruwa bai ma zauna ba."

Sai ya ba ni labarin, yana kallon ƙasa. An zo an ɗebi direbobin tanka aka ce za su koma wani sansani can gaba, ƙarƙashin wani kamfanin daban, domin an raba kwangilar. Da safe suka tafi. Maigidana ya zo ya same shi a bakin ƙofa, ya ce idan ya sami waya ya gaya min, sai aka yi masa hon, ya ce bari, in ya dawo ɗaukar ruwa zai faɗa. Bai dawo ba. Babu tankar da ta dawo, amma an ce dama ba za su dawo ba, can akwai rijiyarsu. Bayan wani lokaci suka ji an yi faɗa a wannan hanyar. Wasu suka ce kafin tankokin su wuce ne, wasu suka ce bayan sun wuce. Ya tambayi babban da yake riƙe da waya, ya ce masa waɗannan ba mutanensa ba ne yanzu, ya tambayi kamfaninsu. Kamfanin kuwa ko sunansa Saje bai sani ba.

"Ban ga gawarsa ba, amarya. Ban ji wanda ya ce ya gani ba. Shi ma ban gan shi ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na ce to gaisuwar fa?

Ya ce in duba. Mutum yana tsaye a kansa yana kallon agogo, matarsa ta ce mijin amarya fa, me zai ce? Ya ce wa mace mai goyo bai sani ba, waya ta yanke, ta kwana da wannan? Ya ce lafiya lau, a gaishe ta. Kuma a ransa ba ƙarya yake yi ba, domin ya san da maigidana yana kusa da zai ce a gaishe ni. Maman 'yan biyu ta ce ita kuma da ta ji a gaishe ta, sai ta kawo min yana gaishe ki, ta ƙara da yara da Inna, domin wa zai gaida mace ya bar 'ya'yanta? Zancen yaye kuwa, da ta faɗa wa Saje, sai ya ce ta ce min in yi yadda na ga ya dace. Ta ce a ranar ita ma jikinta ya ba ta, amma ba ta tambaye shi ba, ba ta so ta ji.

Ban yi kuka a gidan ba. Na tambaye shi me ya sa babu mai faɗa, ko su ko gwamnatin can. Ya ce ai dalilin ɗaukarsu ke nan. Idan sojan gwamnati ya mutu, akwai uwarsa a garin, akwai 'yan jarida, dole a yi jana'iza a faɗi adadi. Su kuwa kakinsu ko tuta babu a jiki. In sun yi nasara, sojojin ƙasar ne suka yi. In sun faɗi, dama ba a ce suna nan ba. Ya faɗe shi ne kamar mai faɗin farashin taki, ba da fushi ba. Sannan ya ce shi ya ce min mijina yana hannunsa, ya san ya faɗa. Na ce Allah ya huta gajiya. Maman 'yan biyu ta rako ni har titi, ta tsayar min da keke, ta sa min ƙullin dankali a cinya.

Inna na fi jin nauyin gaya wa. Na zata za ta zagi Saje. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce mutumin kirki ne, abin da duk mai tarbiyya zai yi ya yi. Ta ce ita ma in ta dawo daga ƙauye takan ce mana kowa yana gaishe mu, alhali wasu ko ganinsu ba ta yi ba. Na ce na sani, Inna, ni ma ina yi. Amma ni da wannan gaisuwar na yi damina guda ina auna ko yana da rai. Da tun farko aka ce min ba a gan shi ba, da na tashi neman Oga tun labarin yana da ɗumi, tun kamfanin farko bai naɗe kayansa ba. Ban san ko da zai yi amfani ba. Wataƙila da ba zai yi ba.

Yayan maigidana ya je wajen malamin unguwa. Malam ya ce ba a yi wa mutum sallah sai an tabbatar ya rasu, ni ma babu takaba a kaina, matar aure ce ni har sai an sami labari ko alƙali ya duba lamarin, kuma wannan ba yanzu ba ne. Don haka ina nan. Na fara soya awara a ƙofar gida. 'Yata ta shiga makaranta, takan tambaya ko Baba ya aiko da gaisuwa, in ce mata bai sami waya ba tukuna. Mata suna wucewa su ce ya maigida, ana jinsa? In ji bakina ya ce lafiya lau kafin in tuna.

Har yanzu ina zuwa Gada Biyu wani lokaci. Maman 'yan biyu ta daina ce min amarya, ban san ranar da ta daina ba. Akwai matan da mazansu ba su dawo ba tukuna, wasu kuma sababbi sun tafi, domin Oga bai daina zama a bencin mutane ba. Idan waya ta zo yanzu, Maman 'yan biyu takan sa matar da aka kira ta tambaya ko an ga mutum da ido, kuma yaushe. Wasu matan ba sa so. Wata ta ce min ita gara a bar ta da gaisuwarta.

Na san 'yan Jos ba su kaɗai suka je ba, an ɗebi mutane daga garuruwa da yawa, kuma ana ta dawowa kaɗan-kaɗan. Idan kai ka je, ko mijinki, ko ɗan'uwanku, ina roƙo a tambaya min. Direban tankar ruwa ne, dogo, baƙi, yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, kuma duk wanda ya zauna da shi zai tuna shi, domin sai ya gyara maka yadda kake ɗaura igiyar takalmi. A kai amsar wajen mai gasa masara a Gada Biyu, za ta same ni. Don Allah kada a ce min yana gaishe ni. A gaya min inda aka gan shi, da lokacin, da halin da yake ciki. In kuma ba a gan shi ba, a ce ba a gan shi ba.